Madam Yemima Kumai, Wadda Ta Buɗe Wa Makafi Rumbun Karatu

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris na shekarar 2025, da misalin ƙarfe goma na safe, ina tsaye gaban allo ina koyarwa, sai wayata ta yi ta motsi a aljihu har sau uku. Ba na ɗaga waya a aji. Amma da na leƙa na ga sunan 'yarki Afiniki ne, sai na ba ɗalibai haƙuri na fita baranda. Ba ta tsawaita ba. Ta ce, "Baba Silvanus, Mama ta tafi gida." Kwananki tara ke nan a gadon asibiti a nan Kafanchan, tun ranar Lahadin da hawan jini ya kayar da ke a bakin ƙofar majami'a bayan an tashi sujada. Na koma cikin aji na ɗauki alli, na rasa inda na tsaya. Sai na ce wa yaran su tafi.

Yau kwana goma sha biyu, Madam Yemima, sai yanzu hannuna ya yarda ya riƙe biro.

Ga wanda bai san ki ba, bari in faɗa masa. Yemima Kumai 'yar Kagoro ce, ta rasu tana da shekara sittin da huɗu. Mai buga takardu ce a Sashen Labarin Ƙasa na reshen jami'armu da ke Kafanchan, sashen da ni Silvanus Kambai nake koyarwa. Ba ta da digiri. Ta fara aiki da tafireta a ofishin wata makarantar mishan tun tana budurwa, ta koyi kwamfuta bayan ta haura arba'in, ta dawo wurinmu a 2008. A jerin sunayen ma'aikata, nata yana can ƙasa kusa da na masinja. Amma idan yau ɗalibi makaho ko kurma a Kafanchan ko Kaduna, a Zariya ko Jos, ya buɗe waya ya sami darasinsa a tsarin da zai iya karantawa, akwai yiwuwar darasin ya bi ta ƙarƙashin yatsun wannan mata.

Shekara shida muka yi a sashe ɗaya ban san ki ba, sai dai gaisuwa. Na san kina zuwa kafin kowa. Na san kina da jan biro da kike gyara mana kurakuran rubutu, ba ruwanki da cewa mai takardar dokta ne ko farfesa. Na san idan ranki ya ɓaci kina barin Hausa da Turanci ki koma yaren Kagoro, ki yi ta magana da na'urar buga takarda kamar tana jin ki. Iyakar sanina ke nan, kuma ban ga dalilin neman ƙari ba.

A zangon karatu na 2014 aka kawo mana Safara'u Yero. Bafulatana ce daga wani ƙauye kusa da Zangon Kataf. Ƙyanda ta tafi da idanunta tana da shekara tara. Mahaifinta Malam Yero, manomin citta da masara, bai ajiye ta a gida ba. Ya kai ta makarantar makafi, ta koyi rubutun da ake karantawa da yatsa, ta gama sakandare, ta ci jarrabawar shiga jami'a da makin da ya fi na mafi yawan 'yan ajinta. Shi da kansa ya kawo ta a bayan babur ranar rajista, da akwatinta ɗaure a tsakaninsu. Ita ce makauniya ta farko da ta shigo sashenmu.

An ce ranar wanka ba a ɓoye cibi, don haka zan faɗi abin da na yi. Darasin karatun taswira ni nake koyar da shi, kuma dole ne ga kowane ɗalibi. Wanda bai ci shi ba, ba zai sami digiri ba. Da ta shiga aji biyu, na kira ta ofis, na zaunar da ita, na yi mata magana da murya mai taushi. Na ce taswira abin ido ce. Na ce kada ta ɓata shekarunta, ta koma wani sashe da ba a buƙatar gani, zan sa mata hannu a takardar sauyi da kaina. A raina ina ganin taimako nake yi. Ba ta yi musu ba. Ta ce, "To, Malam, na gode," ta lalubi sandarta ta fita. Sai daga baya na ji cewa idan wa'adin sauya sashe ya wuce, kuma ya riga ya wuce, sauyi na nufin ta sake farawa daga aji ɗaya, abin da ita da mahaifinta ba za su iya ba. Ashe hanyar gida na nuna mata.

Teburinki yana bakin ƙofata, kin ji komai. Kin bari sai da yarinyar ta yi nisa, sannan kika shigo ba sallama.

Kika ce, "Dokta, ka gwada koya mata ne ta kasa?"

Na ce ban gwada ba, amma abu ne da hankali ya sani.

Kika ce, "To ba ita ta kasa ba ke nan. Ka ba ni takardun darasinka."

Raina ya sosu, ba zan ɓoye ba. Amma don in nuna ni ma ba mugu ba ne, sai na kwashi takardun darasin, shafi ɗari da arba'in, na kai shagon kwamfuta aka ɗauke su hoto ɗaya bayan ɗaya, aka zuba a filash. Washegari na ajiye miki a tebur ina jin kaina. Na ce ai na ji makafi suna da manhajar da ke karanta musu rubutu da murya, to ga shi nan, sai ta saurara.

Kika ɗauki filash ɗin kika sa a aljihun tebur. Da rana, bayan an tashi darasi, kika roƙe ni in zauna a kujerarki. Kin riga kin sa Safara'u ta nuna miki yadda manhajar take aiki. Kika sa filash ɗin, kika ɗauko kyallen da kike rufe kwamfuta da shi kika lulluɓe fuskarta, kika ce, "Bismilla, Dokta, karanta darasinka." Kika danna maɓalli. Wata murya ta ce da Turanci, "Hoto." Kika sake dannawa. "Hoto." Kika sake. "Hoto." Haka muka yi ta tafiya har shafi na goma sha biyu, ba kalma ɗaya ta darasi. Na'urar ba ta ganin rubutu a cikin hoto, kamar yadda yarinyar ba ta gani. Na ce ya isa. Kika ce, "Saura shafi ɗari da ashirin da takwas." Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba wanda ya ɗaga mini murya.

Daga nan aiki ya fara. Kika sake buga takardun nan kaf da hannunki, a lokacin hutun cin abinci da bayan tashi, ba tare da kin bar aikin ofis ya kwana ba. Rubutu bai ba ki wahala ba. Zane ne matsala. Duk inda kika zo kan zane, sai ki ɗauko takardar ki tsaya a kaina ki ce in faɗa miki da baki abin da yake nunawa. Idan na ce "kamar yadda ake gani a nan," sai ki ajiye biro ki jira. Sai na ce tudun yana arewa, gangarensa ya fi tsayi ta gabas, rafi ya taso daga ƙarƙashinsa ya nufi kudu, sannan ki rubuta. Shekarata goma sha ɗaya ina koyarwa a lokacin, amma a wurinki na gane sau da yawa ina nuna abu da yatsa ne don ban san yadda zan bayyana shi ba.

Taswirar gwaji kuwa, wadda na zana da kaina nake ba kowane aji, baki bai isa ya ɗauke ta ba. Sai kika tafi da ita gida ranar Juma'a. Ranar Litinin kika dawo da wani abu a cikin babban faranti, an rufe da zane. Kin yanka kwali kin jera wani kan wani, kowane hawa yana nuna tsayin tudu. Kin yi rafi da zaren ulu, layin dogo da tsinken tsintsiya, gonaki da ƙwayar acca da kika manna da gam, gari kuma da yashi. Mijinki Baba Azariya ya gaya mini daga baya cewa kwalin taliya da na sabulu sun ƙare a shagunan unguwarku a wannan mako.

Ina nan lokacin da Safara'u ta ɗora hannu a kai. Ta daɗe tana bin hawa-hawan kwalin da yatsa, ta sauko ta bi zaren, ta koma, ta sake bi. Sannan ta ce, "Malam, ka yi haƙuri. Wannan rafin, in dai yadda ka koya mana ne, ruwansa hawa tudu yake yi." Na duba kwalin, na duba takardata. Ba kuskurenki ba ne, kin kwafa daidai. Ni ne na juya kibiyar tun ranar da na zana taswirar, shekara tara da suka wuce. Ɗaruruwan ɗalibai masu ido biyu sun wuce ta kai, ba wanda ya lura, har da ni. Kika juya baya kina gyara takardu a kan shiryayye, amma na ga kina dariya a ɓoye. Safara'u ta ci darasin a wannan zango, ta zo ta huɗu cikin ɗalibai sittin da uku, kuma ban ƙara mata ko rabin maki ba.

Da wata ce, da nan labarin ya tsaya, kuma da ya isa a yaba mata. Ke kuwa sai kika fara tambaya. Kika ji daga bakin Safara'u cewa ƙawarta ta makarantar makafi tana babbar harabarmu ta Kaduna, wata tana wata jami'a a Jos, kuma dukansu suna fama da darussan bai-ɗaya da kowane ɗan aji ɗaya yake yi. A Kaduna wani ma'aikacin laburare yana buga darasin. A Jos wata mata 'yar zumunta tana karanta shi a rakoda. A nan ke kina bugawa. Mutum uku suna aiki ɗaya, ba wanda ya san da wani, alhali ga darussa da yawa da ba a ko taɓa ba. Wannan abu ya hana ki sukuni. Kika ce mini, "Dokta, wannan ɓarnar ƙarfi ne."

Sai kika fara tafiye-tafiye. Ranar Asabar ki shiga motar farko a tasha da filash ɗaure a bakin zane, ki je Kaduna ko Jos, ki ba su abin da kika buga, ki karɓo nasu. Duk wanda ya miƙo hannu kina ba shi, malami ko ɗalibi, Kirista ko Musulmi, na jami'armu ko na wata. Na taɓa ce miki ki riƙa rubuta sunanki a kan fayilolin, kada wani ya ce aikinsa ne. Kika ce sunan malamin da ya rubuta darasin dole ya tsaya a sama, amma naki ba zai taimaki mai karatu da komai ba, sai ma ya ƙara masa layi ɗaya da zai saurara.

A watan Agusta na 2017 aka yi ruwan da ya kwashe wani ɓangare na rufin ofishinmu a ƙarshen mako. Da muka zo ranar Litinin, silin ya rufto a kan teburinki, kwamfutarki tana zaune cikin ruwa. Filash ɗin da kike ajiyar kwafi yana cikin aljihun teburin, shi ma ya jiƙe ya mutu. Masu gyara suka gwada, suka ce ba abin da zai fito. Aikin shekara biyu ke nan, darussa sama da arba'in, a daidai lokacin da Safara'u za ta shiga ajin ƙarshe, ga kuma wasu makafi biyu da aka ɗauka saboda an ji akwai mai kula da su a Kafanchan. Ranar ce kaɗai na ga kin zauna hannu biyu a cinya. Ba ki yi kuka ba, ba ki ko yi faɗa da yarenku ba. Shirun nan ya fi ba ni tsoro.

Safara'u ce ta fara buga waya. Kafin mako ya zagayo, saƙonni suka fara shigowa. Ma'aikacin laburaren Kaduna, Malam Asher Tagwai, ya aiko da darussa goma sha tara. Matar Jos ta ba direban mota filash ya kawo tasha. Wani ɗalibi da ya riga ya gama ya turo guda shida daga inda yake bautar ƙasa. Cikin wata ɗaya kusan komai ya dawo, ban da darussa huɗu. Kika duba waɗannan huɗun, kika ga su ne sababbin da ba ki riga kin ba kowa ba. Kika ce mini, "Ka gani? Wanda na ba mutane, shi ne na samu. Wanda na riƙe, ruwa ya ci."

Wannan ne asalin abin da muke kira Rumbu. Malam Asher ya san harkar intanet, shi ya ce maimakon yawo da filash a mota, a buɗe ma'ajiya guda a intanet, inda kowane reshe zai zuba abin da ya gyara, kowa kuma ya ɗiba daga inda yake. Shi ya gina ta, ke kika raɗa mata suna, kuma ke kika shimfiɗa ƙa'idodinta a takarda guda: kada a zuba hoton shafi a ce rubutu ne; kowane zane sai da bayaninsa cikin kalmomi; darasin da aka naɗa da murya sai an rubuta shi saboda kurame; fayil ya zama mara nauyi yadda ƙaramar waya za ta iya saukewa a ƙauyen da sabis ke zuwa yana ɗaukewa; kuma ba a sa aikin kowa sai da yardarsa. Har yadda ake yin taswirar kwali kika rubuta dalla-dalla, don wanda ke nesa ya yi tasa.

Yardar malamai ita ce ta fi komai wuya. Da aka kai maganar gaban kwamitin ilimi na reshenmu, mafi yawa suka ƙi. Wani ya ce za a sace masa aiki. Wani ya ce ɗalibai za su daina zuwa aji. Wani ya ce makafi nawa ne duka-duka da za a tayar da hankalin kowa saboda su. Ba mugaye ba ne, na san su, ni ma daga cikinsu na fito. Mai buga takardu ba ta da kujera a wannan zaure. Kina zaune a benci a waje. Na roƙi shugaba ya ba ki minti biyu, ya yarda da ƙyar.

Kika shigo da jakarki a hammata, kika gaishe su, kika ce, "Ranku ya daɗe, ni ban yi jami'a ba, ku ne masu ilimi. Amma tun da na zo nan na buga wa malamai uku takardu da yanzu ba su da rai. Kun san su. Na je sito in nemo darussansu, na tarar gara ta gama da su. Ba ɓarawo ne ya ɗauka ba. Ni abin da na sani ke nan." Kika yi godiya kika fita, ko minti ɗaya ba ki cika ba.

Ba zan ce zauren ya juya nan take ba, don ba haka aka yi ba. An dai amince cewa wanda ya ga dama ya bayar. Malamai bakwai ne kacal suka sa hannu a ranar. Sauran sai kika bi su ɗaya bayan ɗaya, wata da watanni, ba gori, ba gajiya. Kina zuwa ki ce, "Oga, ba ni babi ɗaya kawai, in gyara ka gani." Idan mutum ya ga darasinsa ya dawo a tsare, an cire kurakurai, sai ya kawo sauran da kansa. Akwai waɗanda har kika yi ritaya ba su bayar ba, kuma ba ki daina gaishe su da fara'a ba.

Da annobar 2020 ta rufe makarantu, sai ga masu ido ma sun yi dafifi a Rumbu, don shi ne kaɗai wurin da darasi ke buɗuwa a ƙaramar waya ba tare da ya cinye data ba. Wasu jami'o'i suka nemi shiga, suka fara zubo nasu. Ranar da Malam Asher ya gaya miki adadin masu shiga ya ninka sau goma, na zaci za ki yi murna. Abin da kika tambaya shi ne ko sababbin fayilolin da ake zubowa suna bin ƙa'ida. Ba su bi ba, da yawansu. Kika zauna kika mayar wa masu su ɗaya-ɗaya, da bayanin abin da za a gyara. Wani babban malami daga wata jami'a ya bugo yana faɗa, yana tambayar wace ce wannan Yemima, mene ne matsayinta. Kika karɓi wayar kika ce, "Taifis ce, ranka ya daɗe. Shafi na shida, zanen ba bayani." Bayan kwana biyu ya aiko da gyara.

Kin yi ritaya a 2022, amma a takarda kawai. Kowace Talata da Alhamis kina hawo acaɓa daga gida ki zauna a kusurwar laburare, kina koya wa ma'aikata da ɗalibai 'yan sa-kai yadda ake aikin. Ba ki da sauƙi, gaskiya ce. Kin sa mutane da yawa sun sake aiki sau uku, wasu sun gudu ba su dawo ba. Na taɓa ce miki ki riƙa sassautawa. Kika ce wanda zai karanta ba ya nan balle ya yi ƙorafi, dole wani ya yi masa. Amma kuma ke ce mai zuwa da kunun acca a fulas ki raba wa kowa. Ke ce, tun Safara'u tana ɗaliba, kike tsayar da aiki idan lokacin azahar ya yi, ki riƙe hannunta ki kai ta bakin famfo ta yi alwala, ki tsaya riƙe da sandarta har ta idar. A shekarun da hankula suka tashi a yankinmu, har wasu suka daina sayen nono a hannun maƙwabtan da suka tashi tare, ɗakinki na baya ya zama nata duk lokacin da hanyar Zangon Kataf ba ta biyuwa. Ba ki taɓa ba ni wannan labari ba. A wurin jana'izarki na ji shi daga bakin Malam Yero.

Na zo duba ki a asibiti ranar Asabar kafin ki rasu. Gefen damanki ya riga ya mutu, magana tana fita da ƙyar. Na riƙe hannunki na hagu, na yi addu'a, na fara ba ki labarin sashe don in sa ki dariya. Kika yi ta ƙoƙarin faɗin wani abu. Afiniki ta sunkuya ta saurara, ta ɗago ta ce, "Wai littafin lissafi, an tsaya a shafi na ɗari biyu da sha biyu." Littafin ƙididdiga ne da wani malami ya ba da izini a gyara, akwai wani ɗalibi makaho a Zariya da ke jiran sa kafin jarrabawar watan Mayu. Na ce kada ki damu, ki warke tukuna. Kika matse mini hannu, kika ƙi saki, sai da na ce, "Na ji, za a gama." Sannan kika rufe ido kika yi barci.

Ranar Juma'ar da ta wuce muka kai ki Kagoro, muka kwantar da ke a gindin dutse kusa da iyayenki. Zumuntar mata sun yi miki waƙa har muryoyi suka dishe. Motoci biyu suka zo daga Kaduna, ɗaya daga Jos, ɗaya daga Zariya. Na ga matasa suna saukowa a jere, kowa hannunsa a kafaɗar na gabansa, fararen sanduna suna taɓa ƙasa. Na ga wasu a gefe suna magana da hannu, wata tana fassara musu wa'azin. Yawancinsu ba su taɓa haɗuwa da ke ba. Baba Azariya ya tambaye ni su wane ne waɗannan, na ce masa 'ya'yanku ne. Safara'u, wadda yanzu take koyar da labarin ƙasa a sakandare tana kuma karatun digiri na biyu, ta nemi a kai ta kusa da akwatin. Ta shafa murfinsa daga kai har ƙafa, a hankali, ta ce, "Mama, na gode." Iyakar jawabinta ke nan.

Game da littafin kuwa, ga inda aka kwana. Jiya Asabar mu tara muka haɗu a kusurwarki ta laburare, muka raba shafukan da suka rage. Cikinmu akwai malamai biyu daga waɗanda suka ƙi sa hannu tun farko. Ba wanda ya kira su, kuma ba wanda ya tuna musu. Malam Asher zai haɗa aikin ya duba shi da ƙa'idarki. Zai kai Zariya kafin ƙarshen Afrilu, da yardar Allah.

Baba Azariya, shekara arba'in da ɗaya kuka yi tare. Kai ne ka riƙa raka ta tasha ranar Asabar, ka ci abinci mai sanyi ba ka yi gunaguni ba. Duk abin da muka samu daga gare ta, da rabonka a ciki. Allah ya ta'azantar da kai, ya riƙe ka a wannan tsufa. Afiniki da ƙannenki, da jikoki, da dukan dangin Kumai na Kagoro da na Kafanchan, Ubangiji ya ba ku haƙuri da ƙarfin zuciya, ya haɗa kanku. Ina miƙa gaisuwa ga zumuntar mata da dukan ikilisiyarta, ga Malam Yero da iyalinsa waɗanda su ma gaisuwa ta kamace su, ga abokan aikinta, da ɗalibai na kusa da na nesa da wannan rashi ya taɓa.

Ke kuma Madam Yemima, uwata a aiki, malamata, kin gaji, kin kuma gama naki. Allah ya yi miki jinƙai, ya gafarta miki kurakuranki, ya karɓe ki hannu biyu, ya ba ki hutawa ta har abada a wurinsa. Mu da muka rage, ya ba mu zuciyar da za ta ga wanda aka bari a baya, da hannun da ba zai gaji ba. Sai mun zo. Amin.

Dokta Silvanus Kambai
Kafanchan, 23 ga Maris, 2025